Ƙazwa a Tsakiyar Yaji

Duk Shagari an san Bahijja ta yi yaji, don uwarta Inna Suwaiba ba ta bar kunnen kowa ya huta ba. Laifin mijin, Attahiru mai fataucin albasa a Bodinga, shi ne ya ce a gaban baƙi miyar uwarsa ta fi ta matarsa. Inna ta rantse ko ƙeyar 'yarta ba zai sake gani ba sai ya zo biko da dattawa, ya durƙusa a zaure ya janye maganarsa. Shi kuwa gogan, kunya da girman kai suka riƙe masa ƙafa.

Abin da Inna ba ta sani ba, fushin Bahijja ya daɗe da hucewa. Son mijinta take yi, ba yadda ta iya da ranta. Duk ranar kasuwa sai ta ce za ta Kajiji gaida goggonta. A bayan gari Attahiru ke jiranta da babur, su yi Bodinga, ta dafa masa miyar nan da ya raina ya suɗe kwano, ta yi barcin rana a ɗakinta, kafin magariba ta dawo gida fuska a murtuke. Tsoronta ɗaya a duniya, kada Inna ta gane bayan ta gama cika baki a gidajen suna.

Ana haka sai ga ƙaiƙayi. Ya fara a tsakanin yatsu, ya hau wuyan hannu, ya zagaye ƙugu. Ta tuna Attahiru ma yana ta susa tun da ya dawo daga fatauci, inda suka kwana su da yawa a bargo ɗaya, sai ta gane inda ta kwaso shi. Ta ƙunsa lalle don ta ɓoye ƙurajen, Inna ta ce mai yaji wa take yi wa ado? Ba a jima ba Innar ma, da yake gadonsu ɗaya, ta fara goga baya da ƙyauren ɗaki. Ranar kasuwa da safe ta tasa 'yarta gaba sai asibiti.

Malama Hassana, ma'aikaciyar lafiya, ta buɗa yatsunsu ta duba.

"Ƙazwa ta, Inna. Ƙwaro na ƙanƙane da ido bai gani, shina shiga ƙarƙashin hwata. Ba ƙazanta ka kawo ta ba, daɗewa jiki da jiki na, ko shimhiɗa guda. Ku shafe jiki daga wuya har tahin ƙahwa, ku wanke tuhwahi da ruwan zahi ku shanya. Wanda anka ɗauko ta wurinai ma shi shafa rana guda da ku. Ina mijinta?"

"Wane miji?" in ji Inna. "Rabonta da shi tun gero bai yi kai ba. Goggonta ta Kajiji ta, na san za a rina. Ƙara mani magani, yau da kaina ni ka kai mata, in hwaɗa mata abin da ke raina."

Bahijja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Goggon nan rabonta da ita tun Sallah. Bahijja ta ce rana ta yi, ta ce kanta na ciwo, Inna ta yi kunnen uwar shegu ta kama hanyar bayan gari neman ɗan acaɓa, Bahijja na biye da ita.

Babur ɗaya ne a gindin darbejiya. Mai shi ya ba su baya, ya duƙufa yana gurza wuyan hannunsa a kan babur ɗin, ido a lumshe don daɗi. Da ya ji takun mutane ya waiwayo da murmushi, har ya ce, "Yau kin makara," sannan ya ga surukarsa. Ya diro ya zube ƙasa yana gaisuwa, hannu ɗaya bai fasa susa ba.

Inna ta dubi yatsunsa, ta dubi na 'yarta, ta dubi nata. Sai ta miƙa masa ledar magani.

"Ungo, goggo. Daga wuya har tahin ƙahwa."

Ta juya ga Bahijja, wadda hawayen kunya suka cika wa ido.

"Hau ku tahi. Kuma kowa at tambaye ku, ban janye rantsuwata ba. Asibiti tac ce a tara masu ciwon wuri guda."