Kujeru Shida

Babu wanda ya kai Tarlochan Singh Grewal son daidaito a duk garin Surrey. Shi da bakinsa ya faɗa, a taron kwamitin gurdwara, wato gidan ibadarsu, ranar da ya sa aka fitar da kujeru shidan da suka rage a zauren langar, inda ake ciyar da kowa kyauta. Ya ce da attajiri da direban tasi duk a ƙasa za su zauna, haka aka gada. Aka tafa masa. Bai tuna da gwiwoyin mahaifinsa ba sai da ya shiga mota, inda babu mai tafi.

Da safiyar bikin Vaisakhi matarsa Manjinder ta ce su saka kujerar roba a bayan mota. Ya ce sakataren kwamiti ba ya karya dokar da ya kafa. Ta ce ai ba ƙafar sakatare ce ke ciwo ba.

An wanke sandar tuta da madara, an sa mata sabon ƙyalle, an zaga unguwa da waƙoƙin ibada. Tsoho Kehar Singh, mahaifin Tarlochan, ya bi da sandarsa. A ƙauyensu na Punjab wannan ce ranar fara yankan alkama, kuma can ya baro gwiwoyinsa, bayan shekara arba'in a tsugune.

A ƙofar zauren, Tarlochan ya raɗa masa cewa zai kai masa abinci mota.

"Uban sakatare, a mota?" in ji tsohon. "Matsa min, ɗan boko."

Ya dafa bango ya fara sauka. Saukar ta ɗauki lokaci. Shugaban kwamiti ya nuna shi ga jama'a, ya ce ga ɗan shekara tamanin da ɗaya a ƙasa, masu ƙorafi su ji kunya. Tarlochan ya gyaɗa kai kamar wanda aka miƙa wa lambar yabo, sannan ya ɗauki bokitin miyar wake don ya sami abin kallo.

Sahun farko suka ci, suka tashi. Aka goge wuri, sahu na biyu suka zauna. Tsohon yana nan inda yake. Tarlochan ya iso gabansa da bokiti, ya sunkuya.

"Baba, in ɗaga ka?"

"Zuba miya. Shugabanka yana kallo."

Ya zuba. A gida gurasar roti ɗaya tsohon yake ci, shi ma sai Manjinder ta yi ta lallashi. A nan kuwa ba a zama a sahu da faranti wayam, kuma abin da ka karɓa sai ka cinye. Tarlochan ya leƙa waje. Layin masu jira ya kai bakin titi.

Sahu na uku suka zauna. Wata mata ta ce wa ƙawarta Baba dai akwai ci. Kehar Singh ya yi mata murmushi, ya goge gumin goshinsa, ya miƙa hannu biyu aka ɗora masa roti na biyar.