Rukunin da Ke Can Ƙasa

"Daina buga sunansa, malam," in ji ma'aikaciyar laburare, ta jawo kujera kusa da telan da ke zaune gaban kwamfuta. "Masu irin sunan nan sun fi yashi yawa."

Gaskiya ta faɗa. Tun bara da ƙanensa Auta ya tafi aikin jirgin kamun kifi aka daina jin ɗuriyarsa, tela ke buga sunan nan a waya har yatsansa ya yi kanta. Ba abin da ke fitowa sai hotunan baƙi, kowa ya washe baki kamar an yi masa albishir.

Ta buɗe masa wani shafi daban, marar hoto ko ɗaya.

"Wannan kundin shafuka ne. Mutane ne suka zauna suka kasa su rukuni-rukuni, kamar yadda muke jera littattafai a kanta. Ka shiga babban rukuni, ka gangara ƙarami. Nan ba a tambayar ka wane ne, sai dai me ya same shi."

"Ai da na san abin da ya same shi, da ban rufe shago na zo ba."

Ta danna Ayyuka, ta danna Ma'aikatan Teku, ta danna Neman Dangi. Ƙananan rukunoni suka jeru, ta miƙa masa linzamin kwamfuta ta koma teburinta.

Ya fara da Kamfanonin Jirage, don can zuciyarsa ta fi so. Shafin farko ya mutu, na biyu kuma ya koma tallan takalma. Ya shiga Asibitoci, aka ce ba sa bayar da bayanin majiyyaci. Ya shiga Gidajen Yari, yana roƙon Allah ya sa Auta na ciki. Shi da kansa ya ji kunyar addu'ar, amma bai fasa ba. Wanda ke ɗaure ai ana sa ran fitowarsa. Nan ma ba Auta, ba alamarsa.

Saura rukuni ɗaya, can ƙasa: Gawarwakin da Ba a Gane Ba.

Ya kai kibiyar kan rubutun, ta rikiɗe ta zama ɗan hannu mai nuni. Fankar sama na ta ƙugi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

"Wannan kam yana aiki," in ji ma'aikaciyar a hankali daga bayansa. "Shi kaɗai ake sabuntawa kullum. Akwai hotuna. In kana so, in zauna tare da kai."

"Masu ɗinki na jira na," ya ce, ya miƙe. Ba wanda ke jiran sa.

A gida ya tarar da Inna a bakin ƙofar ɗaki tana ninke rigunan Auta, waɗanda take wankewa duk da ba mai sa su.

"Babban yaya, an dace?"

"Ba a dace ba, Inna."

"Ko'ina ka duba?"

Ya sunkuya yana kwance takalmi, ya daɗe a kan igiya ɗaya.

"Saura wuri ɗaya."

Fuskarta ta saki, rabon da ya ga haka tun tafiyar Auta.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Gobe ka yi sammako. Jikina na ba ni can yake."