Ciwon Shawara

Ranar da idanun Anti suka koma ruwan ɗorawa, kowa a gidanmu ya zama likita. Anti yayata ce, malamar firamare, ta dawo gida wajen Umma tun rasuwar mijinta. Suka ce ciwon shawara ne, kuma wallahi sunan ya dace, don tun daga ranar ba abin da ta samu a wajen dangi sai shawara.

Likitan gaske, da zazzaɓin da ya rufe ta ya sauka aka yi mata hoto, ya zaunar da mu uku, ni da ita da Umma. Ya ce akwai ɗan bututu da ke sauko da ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Na Anti ya kumbura a tsakiya ya zama jaka, ruwan yana kwanciya a ciki. Da shi aka haife ta, bai dai tashi nuna kansa ba sai da ta haura arba'in. Za a cire jakar duka tare da matsarmamar, a jawo hanji a haɗa da hanta. In an bar ta, tana iya rikiɗewa ta zama ciwon daji. Ya ba mu Alhamis a yi aikin, don daga ita zai yi tafiyar da ba zai dawo da wuri ba.

Umma ba ta ji komai ba sai "da shi aka haife ta".

Sai babban wanmu ya shigo maganar. Ciyaman muke ce masa, saboda shi ne shugaban kwamitin gyaran kwatar layinsu, kwatar da har yau ruwanta yana nan kwance da sauronsa. Mutum ne da ko takalmi zai saya sai ya kira taro.

"Abin da ta yi shekara arba'in da shi bai kashe ta ba, yau ne zai kashe ta?" in ji shi. "Kuma wane irin rashin kunya ne yaro wai shi likita ya dubi Umma ya ce ita ta haife ta da ciwo? Ba mai taɓa ta da wuƙa sai mun yi shawara."

Na ce, "Yaya, shawarar ce fa ta kwantar da ita."

Ya ce in yi shiru manya na magana. Abin da ya fi ba ni haushi Anti ce. Mace mai iya tsawata wa aji guda su yi tsit, amma Yaya na yin gyaran murya sai ta sunkuyar da kai ta ce to. Ina kallonta tana susar hannu har jini, wai tana jiran izini.

Ya sa taron ranar Alhamis ɗin kanta, da gangan. Da hantsi falo ya cika. Ga Kawu, wanda ilminsa na hanta bai wuce wajen mahauci ba. Ga Gwaggo da galan ɗin ruwan wani ganye a gindin kujerarta. Ga mijin ƙanwarmu, wanda ya kwana biyu yana bincike a waya ya dawo ya fi likitan sani. Ba wanda ya tambayi yadda mai ciwon ta kwana. Sun ga ƙofar Umma a rufe, suka ce ai suna ciki suna hutawa, a bar su, maganar ba sai da su ba. Ni kuwa ina ta kai shayi, ban ce musu komai ba tunda ba a tambaye ni ba.

Kawu ya ce mutumin da ba shi da matsarmama ba ya sake yin zuciya. Gwaggo ta ce nata maganin sati ɗaya ne. Surukin ya karanto wani abu da shi ma bai gane ba. Biskit ya ƙare aka aika a ƙaro. Sai da rana ta karkata Ciyaman ya miƙe ya gyara riga ya ce an yanke: ba za a yi aikin ba, a je a kira su a faɗa musu.

A nan wayata ta yi ƙara. Na ga Umma ce, na ɗauka. Na buɗe muryar kowa ya ji.

"An fito da ita," in ji Umma. "An cire, an haɗa. Ta buɗe ido ta kira ni."

Na zauna a ƙasa da butar shayin a hannuna ina kuka. Tun da safe Umma ta kama hannun Anti suka fita ta ƙofar baya, ni na tsayar musu da mota.

Ciyaman ya karɓe wayar. "Umma! Yaya za ki yi haka ba ki yi shawara da mu ba?"

"Ranar da na haife ta da shi ban tara ku ba," ta ce. "Ni kaɗai ce a ɗakin, ni da ita. Ku ƙarasa shayinku."

Ta kashe wayar. Gwaggo ta tura galan ɗinta ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Ciyaman ya yi gyaran murya, ya dubi jama'a ya ce, "To, alhamdulillahi. Saura mu tsayar da wanda zai fara zuwa dubiya."

Na ɗauki mayafina na bar su suna shawara.