Ramin da Ya Kellu Ta Haƙa a Bolori

Mu'mina ta haihu da hantsi a ɗakin ƙarshe na gidan Alhaji Mahmud da ke Bolori, ɗakin da ake jibge buhunan gawayi kafin a ba su shi. Namiji ne, ya fito da kuka kamar wanda aka yi wa laifi tun yana ciki. Ya Kellu, uwar mijinta, ita ta karɓe shi, ita ta yanke cibi, don ita ce ungozomar ƙauyensu kafin yaran daji su mayar da shi toka. Ɗanta Umara ya tafi yankan shinkafa Zabarmari, bai ma san ya zama uba ba.

Ya Kellu ta wanke mabiyiyar tas, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta sa a ƙwarya. Sannan ta ɗauki fartanya ta nufi bayan ɗaki, inda siminti bai kai ba.

"Ya Kellu! Me kike haƙa mini a gida?"

Hajiya Hajara ce, matar gidan, 'yar Kano, tsaye da ludayi a hannu.

"Mabiyiyar yaro, Hajiya. Ai barka za ki fara yi mana."

"Barka, Allah ya raya. Amma ba a nan ba. Alhaji ya hana tun cikin yana ƙarami, kunya ce ta sa ban faɗa ba."

Ya Kellu ta miƙe a hankali. Ta ɗauka Hausarta ta koyo ce ta gaza. "Ya hana me?"

"Gidan yayata a Old Maiduguri haka aka yi. Suka ba mutane ɗaki saboda Allah, aka haihu, aka binne. Da aka ce su tashi, sai suka ce ina, ai jinin ɗansu yana ƙasan gidan. Har yau suna ciki. Mu mun taimaka, Ya Kellu, amma aro muka ba ku."

"To ina zan kai ta?"

Hajara ta kau da kai. "Ga masai can. Wasu haka suke yi yanzu."

Masai! Kalmar ta sauka a ƙirjin tsohuwar kamar garwashi. Ta tuna mabiyiyar Umara da ta ƙannensa, duk a jere bayan ɗakinta na can, a ƙasar da yau ba mai iya takawa sai mai bindiga. Ta bar rumbunta, ta bar kabarin mijinta, ta ci tuwon sadaka tana cewa na gode har bakinta ya gaji. Duk ta haɗiye. Amma abokiyar tafiyar jikanta, wadda ta ciyar da shi a ciki, a jefa ta inda ake tsuguno?

Ta rufe ƙwaryar da gyalenta ta fita waje. Rana ta take. Ƙofar gida kwata ce mai baƙin ruwa. Ta roƙi maƙwabcin dama wurin binnewa, ya ce matarsa ba ta nan. Na hagu, mai walda, ya leƙa ƙwaryar ya ja baya.

"Iya, ki bari ku koma garinku mana. Ba an ce an samu lafiya ba?"

"Ka je ka kwana can, ɗana, in ka dawo da kanka a wuyanka sai mu biyo ka."

Filin bayan masallaci an kewaye shi da bulo. Gefen titi karnuka ne da akuyoyi. Gari guda, girmansa ya ishi kowa, amma babu ramin da ya kai tafin hannu na jaririn da aka haifa a cikinsa. Ƙwaryar ta fara ɗumi, ƙudaje sun fara binta. Sai ta juya.

Mu'mina tana kwance, jaririn a nono. Ta ga surukarta ta ja tabarma gefe, ta durƙusa a tsakiyar ɗakin, inda daɓen ƙasa ne.

"Ya, don Allah! Za su kore mu. Ina za ni da ɗanyen jego?"

"Mun taɓa kwana a daji. Shi bai taɓa rasa ƙasa ba, kuma ba a hannuna zai fara ba."

Fartanya ta shiga. Ƙasar baƙa ce, tana warin gawayi. Ta haƙa har gwiwar hannu, ta yi bismilla, ta kwantar da ƙyallen kamar mai kwantar da yaro, hawayenta na ɗiga a kai.

Inuwa ta rufe ƙofa. Hajara ta dubi ramin, ta dubi jaririn.

"Kin san dole in gaya wa Alhaji."

"Gaya masa. Ki ce in yana so ya zo ya tone da hannunsa. Ina nan zaune."

Ta mayar da ƙasar, ta yayyafa ruwa, ta hau kai tana dannawa da diddige. Hajara ta fita. Mu'mina ta kwantar da yaron, ta jawo zani ɗaya ta shimfiɗa, ta fara tattara kwanukansu a ciki.