Hannun da Yake Kamu da Shi

…babu furotin ko ɗaya da ya maƙale. Sau uku ke nan ina duba sakamakon a kwamfuta. Lahadi, la'asar, ɗakin bincike ba kowa, daga ni sai kukan firij.

Ke ba ki taɓa tambaya ba, Kaka. Ki ɓare ɓawon itacen nan, ki dafa, ki ɗura wa yaro, zazzaɓin sauro ya sauka. "Awuor, ke da shegen tambaya! Ya warke ko bai warke ba?" Ya warke… amma ta yaya? A cikin ƙwayar cutar akwai furotin dubbai, ɗaya ne maganin ke shaƙewa. Wanne? In ban kama shi ba, maganin ƙauye za su ce, su rufe fayil.

Shekara huɗu. Buhu biyu na ɓawo, tacewa, tacewa, har ya koma ɗan farin gari da bai rufe gindin kwalba ba. Na ɗaure shi jikin ƙananan duwatsu, na kwarara ruwan ƙwayoyin cutar a kai, furotin da ya maƙale shi ne. Fatsa ke nan, irin ta masuntan Kisumu. Shugabana Dakta Wekesa ya ce, "Ki rage rabi." Ban rage ba. Na ƙagu.

Itacen kuwa Kawu Ogola ya sare, ya yi gawayi, wata biyu da binne ki. Kafin ki rasu kin ce min, "Akwai wani bayan dutse, in kin zo hutu zan nuna miki." Ban zo ba, ina nan ina tacewa. Wa zan tambaya yanzu? Kewarki ta ishe ni, Kaka.

To me ya hana furotin ɗin maƙalewa? Ai maganin yana kashe ƙwayoyin cutar, da idona na gani. Ga zanen siffar sinadarinsa a bango, hannu biyu gare shi. Na ɗaure shi ta wanda ya fi saurin kamawa, don shi ne mai sauƙi, don…

Kasuwa, cunkoso, ina yarinya, gasasshiyar masara a hannuna, kina neman hannun da za ki riƙe ni da shi. "Miƙo hagun, sarauniyar ci, bar daman ki ci abinki."

Wanda ya fi saurin kamawa.

Da shi yake kama furotin ɗin. Shi na ɗaure… duka, har ƙwayar ƙarshe.

Ga kwalbar. Ina ɗaga ta saitin taga, ina juyawa. Wataƙila akwai sauran garin a jikin murfin, Kaka? Ko ɗan ƙura…