Kuɗin Direba

Kawu ne ya kai shi neman aiki a motar kamfanin, wata farar a-kori-kura mai warin dizal. Tun daga ƙofar gida yake yi masa huɗuba.

"Ka ji ni da kyau, Injiniya. Abin da Manaja zai fara ambata ba shi ne a ransa ba. Ni ranar da aka ɗauke ni, cewa na yi duk abin da kuka ba ni na gode. Ga ni nan har furfura, godiyar nake ci."

"Kawu, ofis ne fa, ba kasuwa ba."

"Kasuwa ce mai fanka. Ka ce masa albarka, kamar mai sayar da rago, ka ga yadda zai gyara zama."

Kawu ƙanin mahaifiyarsa ne. Shi ne direban da ke kai injiniyoyin kamfanin wuraren haƙa rijiyar burtsatse, shi ne kuma ya yi ta zarya ƙofar Manaja har aka yarda a ga yaron. Sunan Injiniya ma shi ya laƙaba masa tun bai gama ajin farko a jami'a ba. Wata makaranta ta ce ya zo ya koyar da lissafi, amma abin da za ta biya ba zai wuce kuɗin mota da sabulu ba. Wannan aikin shi ne aiki.

Ofishin Manaja ƙarami ne. A kan kabad an jera kwalabe cike da ƙasa, ja da baƙa da fara, kowace da sunan wurin da aka haƙo ta. Manaja ya juya takardun shaidarsa da yatsa ɗaya, sannan ya faɗi albashi. Ya ninka na makarantar har da ɗoriya. Saura kaɗan godiya ta kuɓuce wa Injiniya, sai ya tuna furfurar Kawu.

"Albarka, ranka ya daɗe."

Manaja ya ɗago kai, ya tuntsire da dariya. "Kai! Ɗan gidan direbanmu ne da gaske. To samari, ciniki muke? Me kake da shi da sauran masu digiri ba su da shi?"

Injiniya ya ambaci sakamakonsa. Manaja ya ce akwai irinsa cike da aljihun tebur. Injiniya ya ambaci kwamfuta. Manaja ya yi hamma. Injiniya ya ji cinikin yana zame masa, ya lalubo abin da ya rage.

"Na iya tuƙi, ina da lasisi. Wannan motar ma ta waje da ita na koya."

Manaja ya daina murmushi. Ya gyara zama, kamar yadda Kawu ya ce zai yi.

"Yanzu ka yi magana. Ka ga, injiniyan da zai kai kansa wurin aiki ya dawo da kansa, ba ya buƙatar a ajiye masa mutum a inuwa yana jiransa. Zan ƙara maka." Ya faɗi ƙarin. "Kuɗin direba ne zai hau kan naka."

Sai a lokacin Injiniya ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Direba ɗaya ne a kamfanin.

"Ranka ya daɗe, na yarda da na farkon. A bar shi yadda ka faɗa."

"A'a, kai ka ce albarka. An wuce nan." Manaja bai ɗaga murya ba, ba kuma mugunta a fuskarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. "Gaskiya ban taɓa tunanin haka ba sai da ka faɗa. In kai ba ka so, gobe in sa a nemo mini mai digiri da lasisi. Kawunka ya yi mana hidima, za mu sallame shi da mutunci ƙarshen wata."

Injiniya ya zauna yana kallon kwalaben ƙasa. In ya ƙi, gida ya rasa albashi biyu. In ya karɓa, gida ya tsira da ɗaya, amma kowane wata zai riƙa karɓar abincin 'ya'yan Kawu a hannunsa yana kiransa ƙari. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, Manaja ko Kawu ko harshensa, bai samu wanda laifin ya zauna a kansa daidai ba. Ya ce ya karɓa.

A waje Kawu yana goge gilashin mota da tsumma.

"Yaya? Ka faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Ya ƙara?"

"Ya ƙara."

"Allahu akbar! Ɗan Yaya ya fi ni baki! Shiga, ranka ya daɗe, daga yau ni direbanka ne."

Sun wuce gidan mai, sun wuce layin masu walda, Kawu yana lissafa wuraren da za su je tare da inda ake samun shayi mai kauri. Injiniya ya kasa jurewa. Ya faɗa masa duka, bai rage ba, har maganar lasisin.

Kawu ya sa sigina, ya gangara gefen titi a hankali, ya ja birki. Bai kashe injin ba. Idonsa na kan titi, hannuwansa a kan sitiyari.

"Nawa ya ƙara maka?"

Ya faɗa.

Kawu ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ko rabin nawa bai kai ba. Ashe da araha ka ba da ni."

"Kawu, wallahi duk wata zan riƙa..."

"Kada ka soma. Ban kai a ba ni sadaka da kuɗina ba." Ya miƙa hannu ta gabansa ya buɗe masa ƙofa. "Sauka ka ƙarasa da ƙafa. Uwarka tana jiran albishir, ka ba ta. Ni har ƙarshen wata ina da aiki."