Bangon da Baba Ya Ƙwanƙwasa

Ranar da zan sayi gidan nan na hawa na uku, dillali ya ce in kawo injiniya ya duba. Na yi masa kallon banza. Ni da ubana ya shekara arba'in yana gini? Baba na ɗauko.

Baba yana da hanyarsa. Yakan bi bango da ƙotar guduma yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da siminti, don amon bango mai lafiya daban, na mai rami a ciki daban. Ya bi falo, ya bi ɗakuna biyu, ya daɗe a kicin. Sannan ya kakkaɓe hannu ya ce, "Sa hannu, uwata. Wannan gini sai ya ga jikokinki."

Na sa hannu. Gumina na shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, duk ya tafi a takardar nan.

Ba a yi wata huɗu ba ƙofar bayi ta daina rufuwa. Sai tsaga ta fito a saman tagar kicin, siririya kamar zare. Kamfanin da ya yi ginin ya turo mai fenti ya shafe ta, wai numfashi siminti yake yi. Numfashin lafiya! Bayan sati biyu ta dawo, har yatsana yana shiga.

Mu mazauna muka haɗu muka kira injiniya. Ya manna ɗan gilashi a kan tsagar, ya ce idan ya fashe, ginin motsi yake. A kwana na uku ina wanke-wanke na ji ƙas.

Da injiniyan ya dawo, da mukullin motarsa kawai ya taɓa bangon. Ni ma da ban san gini ba na ji amon, tamkar tulun da babu ruwa.

"Malama, wa ya duba miki kafin ki saya?"

"Ba kowa," na ce.

Aka ba mu mako guda mu kwashe.

Na isa gidanmu da motar kaya, zuciyata tana tafasa. Baba na zaune a tsakar gida, ya ba ƙofa baya, yana goge tsohon cokalin gininsa. Daga bayansa na fara. Na ce ya cuce ni, na ce ya kashe ni da raina, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Ko gezau.

Inna ta riƙo hannuna. "Sai kin zagaya ta gabansa. Ya fi shekara ba ya ji, bakin mutum yake kallo. Shi ya hana a gaya muku."

Na zagaya na durƙusa. Ya ɗago da murmushi, idonsa a kan leɓena.

"Uwata ce? Ya gidan namu?"

A waje direba yana ta danna hon, in zo a sauke katifata. Na buɗe baki sosai yadda zai gani.

"Lafiya lau, Baba."